Baƙin akwatin jirgi: me zai hana a ajiye kwafinsa a intanet?

Ranar 1 ga Yunin 2009, jirgin Air France da ya taso daga Rio de Janeiro zuwa Paris ya faɗa tekun Atlantika da mutum 228. Sai a watan Mayun 2011 aka tsamo baƙaƙen akwatunansa daga zurfin kusan mita 4,000. Shekara biyu ke nan iyalan mamatan suna jiran jin musabbabin haɗarin.

Akwatunan guda biyu ne, kuma launinsu ruwan lemo ne duk da sunan da ake kiran su. Ɗaya yana naɗar maganar matuƙa, ɗayan yana rubuta gudun jirgi, nisansa daga ƙasa da lafiyar injina. Matsalar ita ce duk inda jirgi ya faɗa, tare da su yake tafiya. Wani lokaci ma a same su ba amfani: da jirgin Air Algérie ya faɗi a Mali a Yulin 2014 da mutum 116, masu bincike sun tarar da sautin da aka naɗa ba ya sauraruwa.

Shi ya sa masana ke son jirgi ya riƙa aika muhimman bayanansa ta tauraron ɗan Adam yana cikin tafiya, a ajiye su a manyan rumbunan kwamfuta da ke ƙasa, waɗanda ake kira gajimare. Ko akwati ya ɓace, kwafi yana nan. Injiniyoyi ma za su iya hango ɓarnar inji tun jirgi bai sauka ba.

Bayan ɓacewar jirgin Malesiya MH370 a Maris 2014, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta ƙa'ide a riƙa sanin inda jirgi yake kowane minti 15, idan yana cikin haɗari kuma kowane minti ɗaya. ASECNA, mai lura da sararin samaniyar Nijar, ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Aireon don bibiyar jirage ta tauraro, har a saman Tenere.

Da sauran aiki: aika bayanai ta tauraro da tsada, matuƙa na tsoron a yi musu leƙen asiri, ga kuma barazanar masu kutse. Amma jirgin MH370 da mutanensa 239, har yau ba a ga akwatinsa ba.