Kulawa Daga Nesa: Yadda Na'urori Ke Taimakon Tsofaffin Birtaniya Su Zauna a Gidajensu

A Birtaniya, inda miliyoyin tsofaffi ke zaune su kaɗai bayan 'ya'ya sun watse neman abinci ko abokin zama ya rasu, an shafe shekaru masu yawa ana gina wani tsari da ake kira kulawa daga nesa, wato haɗa gidan mai rauni da wata cibiyar amsa kira ta hanyar na'urori, domin a kawo masa ɗauki idan wani abu ya same shi ba tare da an ɗauke shi daga ɗakinsa an kai shi gidan kula da tsofaffi ba. Tsarin reshe ne na abin da ake kira kayan tallafi, kalmar da ta ƙunshi duk wani abu da ke rage wa mutum nauyin rauni ko nakasa, tun daga sandar dogarawa da tabarau da keken guragu har zuwa na'urar ƙara ji. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2022 ya nuna cewa fiye da mutum biliyan 2.5 na bukatar aƙalla ɗaya daga irin waɗannan kaya, kuma kusan biliyan ɗaya daga cikinsu ba sa samu.

Ginshiƙin tsarin wani ɗan maɓalli ne da ake ratayawa a wuya ko a ɗaura a hannu kamar agogo, wanda idan aka danna shi yakan aika saƙo zuwa wani akwati da ke haɗe da layin tarho na gidan, shi kuma akwatin ya kira cibiyar da ma'aikatanta ke zaune dare da rana. Da kiran ya shiga, sunan mai gidan da adireshinsa da cututtukansa da lambobin makusantansa sukan bayyana a kwamfutar ma'aikacin, sannan ya yi magana da shi ta lasifikar da ke jikin akwatin, ya ji ko lafiya. Idan ba a amsa ba, ko aka amsa cikin wahala, sai ya kira maƙwabci ko ɗan uwa ko motar asibiti, kuma galibi akan girke wani ƙaramin akwatin ƙarfe mai lambar sirri a bangon waje a ajiye makulli a ciki, domin kada mai kawo agaji ya tarar da ƙofa a kulle.

Dalilin da ya sa aka ba wannan maɓalli muhimmanci shi ne faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 684,000 ke mutuwa kowace shekara sanadiyyar faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi yawa a cikinsu. Likitocin tsofaffi sun daɗe da lura cewa ba karayar ƙashi kaɗai ce abin tsoro ba, domin wanda ya faɗi ya kasa tashi ya kwashe fiye da awa guda a ƙasa yana iya fuskantar ƙishirwa mai tsanani, da sanyin da ke ratsa jiki, da gyambon kwanciya, da lalacewar tsoka wadda ke iya taɓa ƙoda. Saboda haka tazarar da ke tsakanin faɗuwa da isowar mai taimako ita ce sau da yawa ke raba wanda zai koma gidansa da wanda ba zai sake komawa ba.

Sai dai maɓalli yana da wata matsala, wato mutanen da aka yi shi dominsu ba koyaushe suke danna shi ba. Wani bincike da aka yi a Cambridge a kan tsofaffin da suka haura shekara 90, wanda aka wallafa a 2008, ya gano cewa a mafi yawan lokutan da suka faɗi su kaɗai ba su yi amfani da na'urar ba, ko da yake suna da ita. Wasu sun ajiye ta a gefen gado, wasu sun ruɗe ba su tuna da ita ba, wasu kuwa sun zaɓi su yi ta fama su kaɗai don gudun ɗora wa mutane nauyi ko tsoron kada a kwashe su zuwa asibiti. Wannan dalili na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana nuna cewa tsoho ba lafiyarsa kaɗai yake karewa ba, yana kare mutuncinsa da ikonsa a kan gidansa, kuma duk tsarin da ya manta da wannan zai ƙare a cikin aljihun tebur.

Daga nan ne aka ɓullo da na'urorin da ba sa jiran a danna su. Akwai mai gane faɗuwa daga girgizar jiki, akwai shimfiɗar da ake sawa a ƙarƙashin katifa wadda ke sanar da cibiya idan mutum ya tashi da dare bai dawo ba cikin lokacin da aka ƙayyade, akwai masu jin hayaƙi da iskar gas da ambaliyar famfo, akwai akwatin magani mai ƙara wanda ba ya fitar da komai sai ƙwayoyin da lokacinsu ya yi, sannan ga masu ciwon mantuwa akwai na'urar da ke kai rahoto idan an buɗe ƙofar waje a tsakar dare. A Japan, kamfanin Zojirushi ya fitar da wata butar lantarki a 2001 wadda ke aika wa 'ya'ya saƙo game da lokutan da iyayensu suka dafa ruwan shayi, ta yadda shirun buta ke zama alamar a je a duba.

Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce ko duk wannan yana aiki, kuma Birtaniya ta yi ƙoƙarin amsa ta da gaske. A 2008 ma'aikatar lafiyar ƙasar ta fara wani babban gwaji a Kent da Cornwall da Newham, wanda ya haɗa fiye da mutum 6,000, aka raba shi gida biyu. Gida na farko ya shafi duba lafiya daga nesa, inda masu ciwon sukari da ciwon zuciya da cutar huhu mai daɗewa ke auna jikinsu a gida su aika wa ma'aikatan jinya, kuma a nan an ga raguwar mace-mace cikin shekara guda, kashi 4.6 cikin ɗari idan aka kwatanta da kashi 8.3 na waɗanda ba a ba su na'urorin ba. Gida na biyu kuwa, wanda ya shafi na'urorin sa ido a gida, bai nuna wata raguwa ta a zo a gani ba a yawan kwantar da mutane a asibiti ko kai su gidajen tsofaffi. Wani gwajin kuma da aka yi da masu ciwon mantuwa 495, aka wallafa a 2021, ya gano cewa cikakken tsarin na'urori bai tsawaita zamansu a gida ba.

Kuskure ne a ɗauki wannan sakamako a matsayin hujjar watsi da tsarin, domin kwanciyar hankalin tsohuwar da ta san za a ji ta idan ta kira ba abu ba ne da alƙaluman asibiti ke iya aunawa. Abin da binciken ya tabbatar shi ne na'ura ba ta ɗaga kowa daga ƙasa, ba ta yi masa wanka, ba ta ɗebe masa kewa, aikinta kira ne kawai, kuma amfanin kira yana rataye ne a kan wanda zai amsa da saurin isowarsa. Duk hukumar da ta girka na'ura domin ta rage ma'aikatan da ke ziyartar gidaje ta cutar da mutanen da take cewa tana karewa. Haka kuma akwai batun yarda, musamman ga mai ciwon mantuwa wanda ƙila ba ya iya fahimtar cewa ana lissafa shigarsa da fitarsa, abin da ke wajabta a shawarce shi gwargwadon iko kafin a cika masa ɗaki da na'urori.

Wata barazanar ta zo ne daga layin tarho kansa. Tsohon layi na wayar jan ƙarfe yana samun wutarsa daga ofishin tarho, don haka yana aiki ko an ɗauke wutar gida, amma sabon layin da ke bi ta intanet yana mutuwa da ɗaukewar wuta sai in an sa masa batir. Da kamfanonin sadarwa na Birtaniya suka fara mayar da gidaje kan sabon layi, an samu na'urorin agaji da suka daina aiki, lamarin da ya sa a Disamban 2023 kamfanonin suka amince su dakatar da sauya wa masu rauni layi ba da yardarsu ba, daga baya kuma aka ɗage rufe tsohon layin daga ƙarshen 2025 zuwa Janairun 2027.

Wannan batu na wuta ya shafi mai karatu a Kano ko Damagaram kai tsaye, domin iyalai da yawa da 'ya'yansu ke aiki a Legas ko Abuja ko ƙasashen waje sun fara dogara da wayar salula wajen sanin halin da iyayensu ke ciki. Duk iyalin da ke shirin yin haka ya kamata su fara tantance maƙwabci ko ɗan uwan da zai iya isa gidan cikin 'yan mintoci, su ba shi makulli, su tanadi hanyar cajin waya idan babu wuta, sannan su nemi yardar tsohon kafin su sayi kowace na'ura.