Soro, Kwano Da Murhu A Ƙasar Ƙaraye Da Rogo

Duk wanda ya san ƙasar Ƙaraye da Rogo shekaru talatin da suka wuce, in ya komo yau, abin da zai fara ɗaukar masa ido shi ne ƙyallin kwano. Inda da ake ganin soraye da zankwaye da ɗakunan ciyawa, yanzu sai bulo da siminti da rufin kwano, tun daga cikin gari har ƙauyukan da ke bakin madatsar ruwa ta Challawa. Ba mu ƙi wannan ba, gama alama ce ta samu. Amma akwai wani lissafi da ba a cika yi ba ranar da ake aza harsashi, watau abin da gidan zai riƙa ci daga aljihun mai shi kowane wata bayan an tare. Da malaman makaranta da akawuna muke wannan magana, domin a ƙauye su ne madubi. Irin ginin da malam ya yi in ya sami bashin gida ko kuɗin ariya, shi manomi zai kwaikwaya in kaka ta yi kyau.

Bari mu fara da soro. Maginan da ba su san ma'aunin zafi ba, amma sun san rana. Sukan aza tubali su yi bango mai kauri, ƙasansa ya fi samansa faɗi, su jera azara ta giginya wadda gara ba ta cika ci ba, sa'an nan su lulluɓe da ƙasa, su shafe da makuba. Hikimar ita ce, ƙasa mai kauri ba ta ɗaukar zafi da sauri. Rana takan wuni tana dukan bango, amma kafin zafin ya ratsa zuwa ciki la'asar ta yi sanyi. Shi ya sa baƙo in ya shiga zauren dagaci da azahar cikin watan Afrilu yakan ji kamar an yayyafa masa ruwa. Da hunturu kuma zafin da bangon ya sha da rana shi yake saki da dare, yara su kwana ba makyarkyata. Kwano kuwa ba shi da wannan haƙuri. Rana na taɓa shi ya ɗauka, nan take ya zubo wa na ƙasa. Sanyi na sauka ya huce. Ɗakin kwano marar silin tanda ne da bazara, randa ce da hunturu.

To, kada a ce muna kiran jama'a su rushe bulo su koma tubali. Soro yana da nasa wahala. Dole a yi masa yaɓe kafin kowace damina, a duba indararo, in an yi sakaci kuwa ruwan Agusta ya kawo shi ƙasa, wani lokaci har da asarar rai. Giginya ma ta yi wuya, gwanayen magina sun ragu. Abin da muke so a ɗauka daga soro dabararsa ce. Wanda ya riga ya rufa kwano, lalle ya sa silin, ko na katako, ko ma na zana ko asabari in hannu bai kai ba, ya bar ƙofofin iska tsakanin silin da kwano domin zafin da ya taru ya sami mafita. Farin fenti a bisa kwano yana mayar da hasken rana, duhun launi kuwa sha yake yi. Wanda bai fara gini ba tukuna, ya sa tagogi su dubi kudu da arewa, suna fuskantar juna don iska ta ratsa, ya rage su a gabas da yamma, gama daga gabas hadari ke tasowa, a yamma kuma rana ta fi ƙuna. Ya kuma saki bakin rufi ya sauko ya yi wa bango inuwa. Duk wannan ba ya ƙara bulo ko ɗaya, sai dai a faɗa wa magini tun da wuri.

Sai itace. Mun ga an ɗauki wata al'ada ta sare duk abin da ke fili kafin a ja igiya, wai don gida ya fito. Darbejiya ɗaya ko mangwaro a yamma da ɗaki ya fi fanka biyu aiki, ba ya kuwa jiran a kawo wuta. Sai dai a nisanta shi kaɗan da bango saboda saiwa.

Amma inda dukiyar gida ta fi ƙonewa, a zahiri ba a misali ba, shi ne murhu. Yawancin gidajenmu har yau a kan duwatsu uku ake girki. Wuta tana ci a sarari, iska tana kaɗa harshenta ta ko'ina, abin da ke isa gindin tukunya ɗan kaɗan ne, sauran duk tsakar gida ake ɗumamawa. Maigida yakan yi gunaguni a kan kuɗin itace, amma ba safai yake leƙa madafa ya ga inda itacen ke tafiya ba. Uwargida ita ke shan hayaƙin, da goyon da ke bayanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda galibinta hayaƙin girki ne, ta yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a duniya. Maganin kuwa ba daga Turai zai zo ba. Laka ce irin wadda ake gina rumbu da ita: a kewaye wutar, a bar baki ɗaya na tura itace, a yi mazaunin tukunya daidai gindinta don harshen wuta ya lashe ta maimakon ya tsere. A bar itace ya bushe sarai kafin a ƙona, gama ɗanye wani kaso na ƙarfinsa wajen korar ruwan jikinsa yake ƙarewa. A rufe tukunya da marufi. A jiƙa wake tun da dare. Ƙananan abubuwa ne, har mutum ya ji kunyar rubuta su a jarida, amma su ne bambancin dami ɗaya da dami biyu.

Wannan ya wuce batun aljihu. Kowane kurmi da aka share don itace ko gawayi, ƙasarsa ruwa zai kwashe, kuma a wannan yanki gangaren yana kai ta cikin madatsar Challawa da aka gama a 1992, wadda masu noman rani da masunta ke ci daga gare ta. Gawo da ɗorawa da ke tsaye cikin gona ba don ado kakanni suka bar su ba.

Malamai suna da hanyar da za su nuna wannan ba tare da dogon wa'azi ba. A auna itace daidai wa daida kashi biyu, a ɗora ruwa mudu ɗaya a murhun duwatsu, ɗaya a murhun laka, yara su duba agogo, su auna itacen da ya rage. A rataya ma'aunin zafi a zauren ƙasa da ajin kwano da ƙarfe biyu na rana, su rubuta abin da suka gani. Darasin lissafi ne da kimiyya gaba ɗaya, kuma da yamma zai isa kunnen iyaye mata. Kada a raina irin wannan. Malamin makaranta ne a Jihar Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don ajiye tumatir da yalo su daɗe ba su lalace ba, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Sirrin randa ya ɗauka, watau ruwa in yana tsattsafowa yana bushewa yakan tafi da zafi.

Mun bar maganar sola a ƙarshe da gangan. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, janareta ya zama dokin da ba kowane ma'aikaci ke iya ciyarwa ba, jama'a suka juya ga faifan hasken rana. Madalla da haka, rana ba ta yi mana rowa ba. Amma sola gwargwadon nauyin da aka ɗora mata ake sayenta. Gidan da ya sami silin da inuwa, ya kuma sauya tsofaffin ƙwayayen fitila masu cin wat 60 da na LED masu cin wat 9, ƙaramin faifai da batir ɗaya sun ishe shi fitila da fanka da cajin waya. Gidan da ya bar kwano tsirara kuwa sai ya sayi ninkin wannan don yaƙi da zafin da shi ya gayyato. Wanda ya kafa faifan kuma ya tuna da ƙurar hunturu, ya sa yaro ya riƙa goge shi da tsumma mai laushi da sassafe, tun gilashin bai yi zafi ba.