Uba na zaman gyaran hali, wa ke sauraron 'ya'yansa?

Tun 1977 da aka kafa cibiyar Emerge a yankin Boston na Amurka ake tara mazan da ke dukan matansu ana yi musu zaman gyaran hali. Daga baya tsarin garin Duluth na jihar Minnesota, wanda Ellen Pence na cikin waɗanda suka assasa shi, ya yi fice: a zaunar da miji mako-mako, a nuna masa ba zuciya ce ke ɗibarsa ba, son juya iyali ne yadda ya ga dama. Ita ma matar ana tuntuɓarta. Yaran gida kuwa an daɗe ana ɗaukarsu 'yan kallo.

Binciken Mirabal da Liz Kelly da Nicole Westmarland suka jagoranta a Birtaniya, wanda ya fito a 2015, ya gano duka ya ragu ƙwarai bayan maza sun bi irin wannan shirin, amma fargabar yara ba ta ragu kamar haka ba. Iyaye maza da yawa ma ba su gaya wa 'ya'yansu inda suke zuwa ba. Nan babban giɓin yake. Yaron da ya saba jin kukan uwarsa cikin dare, in ya ga Baba ya sassauta ba tare da bayani ba, ba zai saki jiki ba, jira yake abin ya dawo. Wani ma yana zaton shi ya jawo. Yana buƙatar ya ji daga bakin uban cewa laifin na shi uban ne kaɗai, kuma ya sami wani babba nasa na kansa da zai faɗa wa damuwarsa.

Tsarin Caledonian na Scotland ya gane haka, ya ware wa yara ma'aikatansu daban da na uwa da na uba. Shirin Caring Dads na Kanada kuwa mako 17 yake yi yana tunkarar mutum a matsayinsa na uba. A 2021 dokar Ingila da Wales ta amince cewa yaron da ya ga cin zarafi ko ya ji shi, shi ma an zalunce shi.

Sai dai halartar zama ba shaida ce ta shiryuwa ba. Kada a tilasta wa yaro yafiya, kada a mai da shi ɗan rahoto tsakanin iyayensa.

Mu ma da muke zaman sulhu muna ce wa mata su yi haƙuri saboda yara, ya kamata kafin a tashi a sami wanda zai ja yaran gefe ya ji ta bakinsu.