Amai Ba Hanya Ɗaya Yake Biyowa Ba

A tashar motar Zuru, kafin motar Kontagora ta cika, da wuya ka rasa macen da ta ƙulle baƙar leda a gefen zani, ga lemun tsami a hannu tana shinshinawa. Ta san halinta. Wata kuwa sai an wuce Rijau, zuciya ta fara tashi, sannan ta laluɓo Avomine ta haɗiya. Ta makara. Wannan ƙwaya awa ɗaya ko biyu kafin tafiya ake shan ta, wasu ma tun daren jajibiri.

Mu kan ɗora wa ciki laifi, alhali umarnin amai daga ƙwaƙwalwa yake fitowa, can ƙasa wajen ƙeya. Saƙo na isa can ta hanyoyi daban-daban, kowane magani kuma da hanyar da yake tarewa. A mota, cikin kunne ne ke jin girgiza, ido kuma yana cewa a zaune ake, sai su saɓa. Promethazine, sinadarin da ke cikin Avomine da Phenergan, wannan hanya yake toshewa, yana kuma kawo barci. Direba kam ya yi nesa da shi, haka yaron da bai kai shekara 2 ba, domin yana iya danne masa numfashi.

Ondansetron, wanda kamfanin Glaxo na Ingila ya fitar wajen 1990, saƙon hanji yake tsarewa. Masu shan maganin cutar kansa da waɗanda aka yi wa tiyata sun san darajarsa, amma ga aman mota ba ya taɓuka komai.

Wanda ya fi damuna shi ne metoclopramide, da ake sayarwa da sunan Plasil ko Maxolon. Yana da araha, yana kuma aiki: yana rufe ƙofar da guba a jini ke ƙwanƙwasawa, yana hanzarta saukar abinci daga ciki. Sai dai a jikin yara da matasa yakan karkatar da wuya, ido ya kafe sama, harshe ya fito. Uwar da ta ga haka, me za ta ce in ba iska ko sanƙarau ba? Sai a nufi gidan mai ruƙiya, ba wanda ya tuna ƙwayar da aka sayo a kemis jiya da yamma. A asibiti akwai allurar da ke warware wannan cikin mintuna, in dai an faɗa wa likita abin da yaron ya sha. Saboda irin haka ne hukumar magunguna ta Turai ta hana bai wa jaririn da bai shekara ba a 2013, ta kuma ƙayyade shan sa kwana 5.

Masu laulayi su ma su bi a hankali. Thalidomide da aka riƙa ba masu ciki a Turai da wasu ƙasashe daga 1957 zuwa 1961 ya sa an haifi jarirai sama da 10,000 da nakasar hannu da ƙafa. Citta da bitamin B6 sukan rage aman laulayi, sauran a bar wa ma'aikaciyar awo.

Da damina kuwa, a ƙauyukan Dabai da Ribah, yawancin aman yara daga zazzaɓin cizon sauro ne ko gudawa, kuma tsayar da aman bai kori cutar ba. Abin da ke kisa shi ne ƙarewar ruwan jiki. Idan yaro ya amayar da ruwan gishiri da sukari, a dakata minti 10, a ci gaba da ba shi cokali-cokali. In komai ya shiga sai ya dawo, ko ya daina fitsari, a goya shi zuwa asibiti tun kafin dare ya yi, babur ya yi wuyar samu.