NEMAN KARATUN DIGIRI NA BIYU A GOMBE: HANYA GA 'YAN'UWA MAZAUNA KUDU

A zangunan Hausawa na Kudu, tun daga Agege da Idi-Araba a Legas har Sabo ta Ibadan da Shagamu, akwai samari da 'yan mata masu yawa da suka gama digirin farko, suka yi bautar ƙasa, sa'an nan neman abinci ya zaunar da su nesa da gida. Wani yana aikin banki, wani malanta, wani kuwa ya kama awo a kasuwar Mile 12 tare da babansa. Da yawansu suna da niyyar ƙaro ilmi, musamman a gida inda rayuwa ta fi sauƙi kuma ga dangi kusa. Sai dai cike fom da haɗa takardu daga nesa ya sa wasu sun yi shekara biyu ko uku suna asarar kuɗin fom ba su sami shiga ba. Yau za mu duba yadda wannan hanya take ga mai son karatu a Gombe, da inda ake yawan tuntuɓe.

GOMBE TA DA, DA TA YANZU

Dattawanmu da suka baro Gombe a zamanin cinikin auduga da jirgin ƙasa sun san cewa a lokacin babu jami'a a garin. Mai son digiri sai ya nufi Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962, ko ta Maiduguri da aka kafa a 1975, ko kuma ta Bauchi da ta zo a 1980. Bayan an yanke Jihar Gombe daga Jihar Bauchi ran 1 ga Oktoba, 1996, sai al'amura suka fara sakewa. A 2004, zamanin Gwamna Danjuma Goje, aka kafa Jami'ar Jihar Gombe a unguwar Tudun Wada. A 2011 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa tata jami'ar a Kashere, cikin ƙaramar hukumar Akko. Dukkansu biyu suna da makarantar karatun gaba da digirin farko. Har ila yau akwai cibiyar Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wato NOUN, wadda ke da rassa a Gombe da Legas da Ibadan, ga wanda ba zai iya barin wurin aikinsa ba.

Abu na farko da ya kamata mai nema ya sani shi ne hukumar JAMB ba ta da hannu a wannan mataki. Kowace jami'a ita ke fid da sanarwarta, ta sayar da fom ɗinta, ta ɗauki ɗalibanta, kuma lokacin wata ba ya zama ɗaya da na wata. Wanda ya zauna yana jiran a sanar a rediyo, sai ya ji an rufe. Tilas mutum ya riƙa leƙa shafin jami'ar na intanet a kai a kai, ko ya sa wani ɗan'uwa a gida ya riƙa duba allon sanarwa.

ABIN DA AKE BUKATA

Jami'o'in Nijeriya kusan bakinsu ɗaya a kan sharuɗɗa. Mai neman digiri na biyu zai nuna digirin farko wanda aƙalla ya kai aji na biyu ƙarami, wato maki 2.40 zuwa 3.49 a ma'aunin maki 5. Wasu sassan da ke da cunkoso sukan fifita mai aji na biyu babba, daga 3.50 zuwa 4.49. Wanda ya fita da aji na uku, ko mai babbar difloma ta HND, yawanci sai ya fara yin diflomar gaba da digiri ta shekara guda, sa'an nan ya wuce. Wannan ba abin jin kunya ba ne, gama mutane da yawa ta nan suka bi har suka kai digirin dakta.

Bayan wannan akwai sakamakon sakandare mai kiredit biyar, har da Turanci, kuma a fannoni da yawa har da Lissafi. A nan ne wasu ke mamaki, su ga suna da digiri mai kyau amma an mai da su baya saboda jarrabawar da suka yi shekara goma sha da suka wuce. In akwai giɓi a nan, gara mutum ya sake zama jarrabawar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu tun kafin ya sayi fom. Sai kuma takardar gama bautar ƙasa, ko takardar yafewa ga wanda ya wuce shekara 30 lokacin da ya gama digiri. Sai takardar shaidar ƙaramar hukuma, da ta haihuwa, da hotuna, da sunayen malamai biyu ko uku da za su shaidi mutum.

MATSALAR SUNA

Ga wata matsala da ta fi damun mu mutanen Arewa. A firamare an rubuta yaro Muhammadu, a sakandare Mohammed, a jami'a Muhammad. Wani a takarda guda sunan babansa ne a ƙarshe, a wata kuwa sunan garinsu, Kumo ko Dukku ko Bajoga. Wata kuma ta yi aure ta koma amfani da sunan miji. A da, akawu ya kan duba ya gane mutum ɗaya ne. Yanzu kuwa kwamfuta ce ke karɓar fom, ita kuma ba ta san uzuri ba. Saboda haka, kafin kome, mai karatu ya baje takardunsa duka a tabarma, ya gwada su da katin ɗan ƙasa mai lambar NIN, harafi da harafi, har da ranar haihuwa. In ya ga saɓani, ya je kotu ya yi takardar rantsuwa, in canjin suna ne kuma ya buga a jarida ya adana shafin. Ana iya yin wannan a Legas ko Ibadan ba sai an je gida ba.

TAKARDAR MAKI

Babban ciwon kai shi ne takardar cikakken sakamako, wadda ke nuna makin da ɗalibi ya ci a kowane darasi tun daga shekarar farko. Ba a ba mutum ita a hannu ya kai. Tsohuwar jami'arsa ce za ta aika wa sabuwar kai tsaye, kuma in ba ta iso ba, sashen ba zai yanke hukunci ba, ko kuma ya ba da shiga ta wucin gadi. Takardar nan takan bi ta sashe, ta ofishin jarrabawa, ta ofishin rajistara, kuma a kowane tebur tana iya kwana. In aka yi rashin sa'a aka shiga yajin aiki, kamar na ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU da ya tashi daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, 2022, to, abubuwa da yawa sai su tsaya.

Dabara ita ce a nemi takardar tun da wuri, a biya ta hanyar da jami'a ta tsara, a riƙe rasit da lambar biya. Jami'o'in Tarayya tun 2015 ta asusun bai-ɗaya na gwamnati suke karɓar kuɗi, ta hanyar Remita. Duk wanda ya ce a tura kuɗin fom ko na takarda cikin asusunsa na kansa, a guje shi. Sa'an nan a sami mutum ɗaya amintacce da zai riƙa bibiya da rasit a hannu. In kuwa abin ya ƙi motsi, Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike. Tafiyar Legas zuwa Gombe ta fi kilomita 1,000, don haka a tara bukatu duka a yi su a zuwa guda: takardar maki, takardar ƙaramar hukuma, da gaisuwar malamai.

MALAMAI DA BATUN BINCIKE

Malamin da ya koyar da ɗaruruwan ɗalibai ba lalle ya tuna da wanda ya rabu da shi shekara bakwai ba. Kada a sa sunan malami a fom ba a nemi izninsa ba. A rubuta masa, a tuna masa shekarar da aka gama, da darasin da ya koyar, da aikin ƙarshe da aka yi, a haɗa da taƙaitaccen tarihin aiki. A ba shi makonni, ba kwana biyu ba. Wanda ya duba wa ɗalibi aikinsa na shekarar ƙarshe shi ya fi dacewa, domin shi ya san yadda yake rubutu.

Mai neman digirin dakta, da wasu masu digiri na biyu, ana bukatar su rubuta ɗan bayanin abin da za su bincika. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗauko batu mai faɗin da mutum ɗaya ba zai iya ɗauka ba, kamar "matsalar ilmi a Nijeriya". Malamai sun fi son tambaya ƙarama wadda za a iya amsawa cikin lokaci da kuɗin da ke hannu. Gombe kuwa cike take da irin waɗannan: zaizayar ƙasa da ke cin unguwannin birnin kowace damina, noman rani a ƙarƙashin madatsar ruwa ta Dadin Kowa, abin da ya faru da noman auduga, ko zaman garuruwan da ke kewaye da kamfanin siminti na Ashaka. Kai ma da ke zaune a Kudu kana da abin da na gida ba su da shi. Fataucin shanu da hatsi da tumatir tsakanin Gombe da kasuwannin Legas batu ne da kake gani da idonka kullum. Kafin a rubuta, a duba ko sashen yana da malamin da ya ƙware a fannin, domin sau da yawa ana ƙin ɗaukar mutum ba don kasawarsa ba, sai don babu mai duba aikinsa.

KUƊI DA AIKI

Kuɗin fom shi ne ƙarami a cikin abin da za a kashe. Akwai kuɗin karɓar gurbi, da na makaranta kowace shekara, da na bincike da buga kundi, ga kuma kuɗin mota. Digiri na biyu na cikakken lokaci kan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, na dakta kuwa aƙalla uku, kuma ba kasafai ake gamawa a kan lokaci ba. Mai iyali ya zauna da maiɗakinsa, matar aure ta zauna da maigidanta, a yi lissafi tun kafin a fara. Ma'aikacin gwamnati ya nemi hutun karatu a rubuce, ya jira amsa a rubuce, domin tafiya ba izni tana iya jawo kora. Malaman manyan makarantun gwamnati suna da hanyar asusun TETFund ta hannun makarantarsu. Masu fannin man fetur da injiniya su riƙa sauraren sanarwar asusun PTDF.

Masu hangen ƙasashen waje kuma, ba abu ne da ya gagari ɗan Gombe ba. Isa Ali Pantami, wanda ya riƙe Ma'aikatar Sadarwa daga 2019 zuwa 2023, a Bauchi ya yi digirinsa na farko, sa'an nan ya yi na dakta a Jami'ar Robert Gordon da ke Aberdeen a Birtaniya. Akwai tallafin Commonwealth da na Chevening, wanda ke neman shaidar aikin shekara biyu. Amma a sani tun da darajar Naira ta faɗi a 2023 karatun waje da kuɗin aljihu ya yi tsada ƙwarai, kuma daga Janairu 2024 Birtaniya ta hana yawancin masu digiri na biyu na aji tafiya da iyalansu.

GARGAƊI GA NA LEGAS

Kwatano tana nan kusa, kuma 'yan kamasho suna yawo da alkawarin digiri cikin sauƙi. A ƙarshen 2023 wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya bayyana yadda ya sayi digiri a can cikin mako shida. A Janairu 2024 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo. Wanda ya shiga digiri na biyu da takardar da ba ta da tushe, ranar da aka gano za a ƙwace duka biyun, ga asarar shekaru, ga zubewar mutunci. Duk mai digirin waje ya tabbata Ma'aikatar Ilmi ta tantance masa shi kafin ya kai wa kowace jami'a.

ZAMAN JIRA

Bayan an miƙa fom, wasu sassan kan kira jarrabawa ko ganawa, wani lokaci da sanarwar 'yan kwanaki kaɗan. A ajiye kuɗin mota a gefe saboda wannan rana, a kuma tabbata lambar waya da adireshin imel da aka sa a fom suna aiki. Jerin sunaye kan fito kashi-kashi, don haka rashin ganin suna a na farko ba shi ne ƙarshen magana ba. Kada a ajiye aiki ko a sallami ɗakin haya sai takardar shiga ta zo hannu. Kuma mai hankali ba ya neman wuri ɗaya tak. In hali ya yi, a nemi ta Gombe da ta Kashere tare, a ƙara da Bauchi, ko Jami'ar Ibadan da ta Legas da ke nan kusa da mu.

In an duba ba a ga suna ba sam, kada a yi fushi a watsar. A je sashen cikin ladabi a tambayi dalili. Sau da yawa amsar ba ta wuce takardar maki da ba ta iso ba, ko kiredit guda da ya ɓace, abin da za a iya gyarawa kafin baɗi. Shugabannin zango da ƙungiyoyin 'yan Jihar Gombe mazauna Kudu su ma suna da abin yi a nan: su haɗa waɗanda suka riga suka bi hanyar da masu tasowa, su kuma riƙa sanar da lokacin sayar da fom a wuraren taronsu. Allah ya ba mai nema sa'a.