Jita Mai Feda: Kayan Kiɗan Da Kunne Kaɗai Ba Ya Koyar Da Shi

 Idan kana cikin masu sauraron waƙoƙin Don Williams, to ka sha jin wani sauti a bayan muryarsa, mai ja a hankali kamar kuka, ya hau ya sauka ba tare da ya yanke ba. Wasu kan ɗauka goge ne. A'a, jita ce, amma ba irin wadda ake ratayawa a kafaɗa ba. A Amurka ana kiranta fedal-sitil, mu kuwa bari mu ce mata jita mai feda. A faya-fayan Don Williams da dama, wani gwani mai suna Lloyd Green ne ke kaɗa ta.

Ka ɗauka tebur ne ɗan siriri mai ƙafa huɗu, an shimfiɗa masa tsirkiya goma a kai. Makaɗi zama yake yi a gabanta. Hannun hagu na riƙe da wani guntun ƙarfe mai sulɓi, yana zame shi a kan tsirkiyoyin. Hannun dama na sanye da faratai uku, ɗaya a babban yatsa, biyu a manuniya da na tsakiya, da su ake tsinkar sauti. Ƙafar hagu na kan feda uku, ta dama na kan wata fedar da ke ƙara murya ko rage ta. Gwiwoyi ma ba su huta ba, akwai liba huɗu ko biyar a ƙarƙashin teburin da suke turawa hagu da dama. Kowace feda, kowace liba, ɗaure wasu tsirkiyoyi take yi ko ta sassauta su, sai sautinsu ya canza alhali suna cikin amo.

Asalin abin daga tsibiran Hawayi ne, a ƙarshen ƙarni na 19, inda ake danganta kwantar da jita a cinya da zame mata ƙarfe ga wani saurayi, Joseph Kekuku. Daga baya aka haɗa mata lantarki, aka yi mata ƙafafu da feda. A 1953 Bud Isaacs ya taka feda ana tsakiyar amo a waƙar Webb Pierce mai suna "Slowly", makaɗan birnin Nashbil suka rikice, kowa na neman yadda aka yi. Sai Buddy Emmons ya raba aikin fedar nan gida biyu, kuma shi da Shot Jackson suka kafa kamfanin Sho-Bud mai ƙera irin wannan jita.

To, a nan matsalar mai koyo take. Mai jitar kafaɗa kana iya zuba wa yatsunsa ido ka kwaikwaya. Wannan kuwa rabin aikin a ƙarƙashin tebur ake yinsa. Kana jin sauti ya tashi, amma ba ka san ƙarfe aka zame ba, ko feda aka taka, ko gwiwa ce ta motsa. Sauti ɗaya ana iya samunsa a wurare uku ko huɗu. Shi ya sa mutum kan yi shekaru yana lalube a ɗaki, ga kuɗi masu yawa ya zuba a kan kayan, ƙarshe ya gaji ya tura su ƙarƙashin gado.

Mutumin da ya fi yin suna wajen toshe wannan giɓi shi ne Jeff Newman. Makaɗi ne da ya yi aiki a ɗakunan ɗaukar waƙa na Nashbil, sannan ya karkata ga koyarwa, ya buɗe makaranta a jihar Tenesi mai suna Jeffran. Ɗalibai kan zo su yi mako guda suna zaune gaban jitarsu, shi kuma yakan zaga garuruwa yana ba da darasi. Ya buga littattafai, ya fitar da kaset-kaset masu kiɗan rakiya, yadda ɗalibin da ke nesa zai yi gwaji kamar yana cikin ƙungiya. Ya rasu a 2004 a haɗarin wani ƙaramin jirgin sama, amma har yau ana koyo da darussansa.

Me malami ke ba ka wanda faifai ba zai ba ka ba? Na farko, kashe sauti. Abin da mamaki, ko? Ai tsirkiyar wannan jita in ka tsinke ta ba ta saurin yin shiru, in ka ƙara wata a kai sai su cakuɗe. Dole gefen tafin hannun dama ya sauka ya kashe sautin farko daidai lokacin da na biyu zai fito. Newman ya ware darasi sukutum a kan hannun dama kawai, ya sa masa suna "Right Hand Alpha". In ka saba da riƙon banza tun farko, gyara shi ya fi koyon sabo wuya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyu, daidaita sauti. Layukan da ka gani a kan allon jitar zane ne kawai, ba sa tare tsirkiya. Ƙarfen ya goce ko da kaɗan ne, sauti ya karkace, kamar dai yadda mai goge ke dogara da kunnensa. Mai koyo sau da yawa ba ya jin karkacewarsa, sai wani ya tsayar da shi ya ce sake.

Na uku, sanin hanya. Malami zai nuna maka cewa feda biyun farko in ka taka su tare, haɗin sauti ya tashi daga na ɗaya zuwa na huɗu, ƙarfenka na nan bai motsa ba. Daga wannan ɗan sirri kaɗai kana iya raka waƙoƙi masu yawa.

Kada ka ce abin na Amurkawa ne su kaɗai. A Legas, Demola Adepoju ya shigar da wannan jita cikin kiɗan juju na King Sunny Adé. Ka saurari faifan "Juju Music" na 1982, za ka ji ta tana yawo tsakanin kalangai. Shi ne kuma ya kaɗa ta a waƙar "Graceland" ta Paul Simon a 1986.

Saboda haka, ɗan'uwa, in sha'awar ta kama ka, fara neman wanda zai duba hannunka kafin ka nemi kaya masu tsada. Jitar cinya marar feda ta isa ka koyi riƙon ƙarfe da kashe sauti. Gwanaye irin su Paul Franklin suna koyarwa ta intanet yanzu, ga kuma tsofaffin darussan Newman. Ka riƙa naɗar kiɗanka a waya kana saurare, ka tura wa wanda ya fi ka, in ya yi gyara ka karɓa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. A huta lafiya.