Babban Otal: Ko Kwalliya Tana Biyan Kuɗin Sabulu?

A watan Yuli na shekarar 2024 aka sa hannu a dokar da ta mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 a wata. Amma a manyan otal-otal na Abuja, kwana ɗaya tak a ɗaki mafi araha ya fi wannan kuɗi nesa ba kusa ba. To, mene ne mutum yake saye da kuɗi haka? Tambayar ke nan da muke so mu duba yau, domin mun ga 'yan'uwa da dama suna cin bashi don su kwana a irin waɗannan wurare bayan biki.

Bari mu ɗauki otal ɗin Transcorp Hilton da ke unguwar Maitama a Abuja alal misali. An buɗe shi a 1987 da sunan Nicon Noga Hilton, kuma a 2005 kamfanin Transcorp ya sayi kaso mafi yawa daga hannun gwamnati. Yana da ɗakuna wajen 670. A nan ne aka yi babban taron tattalin arzikin duniya kan Afirka a watan Mayun 2014, lokacin da gwamnati ta rufe makarantu da ofisoshinta na Abuja don tsaro. Wato dai wuri ne da aka gina domin shugabanni da jakadu da manyan 'yan kasuwa.

Da muka bi diddigin tsadar irin waɗannan otal-otal, sai muka ga ba gadon kwana ba ne yake cin kuɗin. Babban otal a ƙasar nan tamkar ƙaramin gari yake mai cin gashin kansa. Dole ya tanadi manyan janareta masu shan man dizal, domin baƙo ba zai yarda da duhu ko na minti biyar ba. Dole ya tace ruwansa, ya ɗauki masu gadi dare da rana, ya biya masu wanki da masu dafa abinci. A watan Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wutar lantarki na masu rukunin A daga kimanin Naira 68 zuwa Naira 225 a kan kowane ma'auni. Tun da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023 kuma, kayan gyaran lif da na na'urar sanyaya ɗaki, waɗanda daga waje ake shigo da su, suka yi tashin gwauron zabo. Duk wannan a kan baƙo yake ƙarewa. Abin da yake saye shi ne wuta da ruwa da kwanciyar hankali, abubuwan da ya kamata a ce kowa yana samu a gidansa.

Bugu da ƙari, kuɗin da aka faɗa maka da baki sau da yawa ba shi ne za ka biya ba. Akwai harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 cikin ɗari tun 2020, ga kuma kuɗin hidima da yawancinsu suke ɗorawa. Wanda bai tambaya tun farko ba, sai ranar fita ido ya raina fata.

Gani ya kori ji. Kwanakin baya mun je gaishe da wani ɗan'uwa da wurin aikinsa ya sauke shi a wani babban otal, ba wanda muka ambata ba. Zauren shiga kam ba a magana: daɓen marmara, fitilu kamar rana, ma'aikata cikin kwat suna ta “sannu da zuwa, ranka ya daɗe.” Amma da muka hau sama, sai muka tarar na'urar sanyaya ɗaki tana ɗigar ruwa a kan darduma, famfon ruwan zafi kuma ba ya kawowa. Sau uku ya kira su kafin mai gyara ya zo. Kuɗin ruwan gora ɗaya a wurin zai sayi guda da yawa a bakin titi. Kyan ɗan maciji ke nan.

Kada kuma taurarin da ake liƙawa a bakin ƙofa su ruɗe mu. A 2013 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa rajistar otal-otal da tantance darajarsu hurumin jihohi ne. Saboda haka tauraro biyar na wannan gari ba lallai ya yi daidai da na wancan ba.

Mutanen Kaduna ba su manta da Otal ɗin Durbar ba, wanda aka gina domin bikin FESTAC na 1977. A zamaninsa abin alfahari ne ga Arewa duka. Rikicin mallaka ya sa aka bar shi kango shekara da shekaru, har aka rushe shi a watan Janairun 2020. Darasin a bayyane yake: gini ba shi ne daraja ba, kulawa ta kullum ita ce daraja.

To, ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu? Ga mai taron da zai haɗa baƙi daga ƙasashe daban-daban, ko ɗan kasuwar da ɗaukewar wuta za ta ja masa asarar miliyoyi, muna ganin tana biya, muddin otal ɗin yana cika alkawarinsa. Irin wannan baƙo ya nemi a rubuta masa jimlar kuɗi har da haraji, ya tambaya ko akwai karin kumallo a ciki, ya kuma duba ɗakin ya buɗe famfo kafin ya biya.

Amma ga ango da amarya da za su ci bashi don a ce sun kwana a Abuja, muna roƙonsu su sake tunani. Barcin dare ɗaya ne, gari na wayewa da tsakar rana za a karɓi makulli, bashin kuwa ya bi su har gida. Kuɗin nan zai sayi buhun shinkafa ya kuma rage kuɗin makarantar ƙanne. Akwai matsakaitan masaukai masu tsabta da tsaro a kowane babban gari. Kowa dai ya tsaya daidai ƙarfinsa.